Gafara da Hasumiyar Malama

Shekara talatin da uku ya yi yana tura gadon marasa lafiya a babban asibiti, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya buge ko da ƙafar kujera ba. Sunansa na yanka yana nan a takardar fansho, amma babu mai kiransa da shi. Tun makonsa na farko a bakin aiki, da ya fito daga ɗakin tiyata da gado a gaba yana cewa "gafara dai, gafara dai" da wata murya mai sanyi kamar mai roƙon arziki, nas-nas suka laƙaba masa Gafara. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba a gaba, shi ke nan.

Mutum ne dogo, mai faɗin tafin hannu, marar gaggawa. Wanda bai san aikin ba zai ce ai tura gado ba wani abu ba ne, ƙarfi ne kawai. To ba haka Gafara ya ɗauke shi ba. Yana da dokokinsa, kuma ko shugaban asibiti bai isa ya sa shi ya karya su ba. Gado ba ya tafiya a karkace. Ana bin layin tayil ɗin baranda ne tiryan-tiryan, in an zo kwana a rage gudu a juya a hankali ba tare da an tsaya ba, don tsayawa da tashi su ne ke girgiza mai ɗinki a ciki. In kuwa mutum ya tsaya a hanya, ko likita ne ko mai shara ko ɗan dubiya da ya shagala da waya, to sai a ja birki taku ɗaya kafin a kai gare shi, a ce gafara, a jira. Gafara ya sha jira. Akwai ranar da ya tsaya minti guda cur a bayan wata tsohuwa mai neman takalminta, mai jinya na ta zabga masa harara, shi ko a jikinsa.

Wani abin da aikin ya koya masa shi ne karatun fuska a juye. Mai tura gado a wajen kai yake tsayawa, don haka duk fuskar da ya gani, haɓa na can gaba, goshi na wajensa. A haka ya iya gane mai jin tsoro da mai jin zafi da wanda ya riga ya sallama. Ba ya yi musu dogon surutu. Yakan ce, "Saura kwana biyu mu kai," yana nufin kwanar baranda, sai ka ga mutum ya saki numfashi.

A barandar nan ya haɗu da matarsa. Malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, ta kawo wata ɗalibarta da ta gurɗe a ƙafa, ta tsaya a tsakiyar hanya tana duba takardun jarrabawa da jan biro. Ya ce gafara sau uku. A na huɗu ta ɗago ta dube shi ta saman gilashi, ta ce ai akwai fili ta hagu. Ya ce gado ba ya karkacewa. Ta auna faɗin barandar da ido, ta auna gadon, ta ce, "A'a, zai wuce," ta koma kan takardunta. Bai wuce ba. Ya jira har ta gama shafin ta matsa don kanta.

Wannan "a'a" ita ce kalmar farko da ta shiga tsakaninsu, kuma ta daɗe tana aiki. Da ya fara zuwa wajenta ya ce yana sonta da aure, a'a ta ce, sai a zuwa na biyar ta sauya magana. Da ya so sayen babur, a'a. Da ya ce a yi wa falo shuɗin fenti, a'a. Ba faɗa take yi ba, ba ta ma ɗaga murya. Haka kawai Allah ya yi ta, ba ta iya ganin kuskure ta ɗauke kai, ko a allo ne ko a ɗinkin labule. Shi kuma yakan yi dariya ya ce da a ce ana biyansa a kan kowace a'a, da tuni ya sayi asibitin. Duk unguwa Malama ake ce mata, shi ma haka yake kiranta. Suka haifi 'ya'ya uku, biyu suka yi nisa da aiki, Auta ce kawai ke aure a cikin gari.

Malama tana da wani akwatin katako mai ninkewa, in an buɗe shi ya zama allon wasan ces, gidaje baƙi da fari, da 'ya'yan wasan a cikin jakar yadi da ta ɗinka da kanta. Shekara da shekaru tana koya wa 'yan mata wasan a makaranta duk ranar Laraba bayan an tashi. A gida kuma takan shimfiɗa shi bayan la'asar ta yi wasa ita kaɗai, ta motsa fari, ta juya allon ta motsa baƙi. Sau nawa ta ce masa ya zo ya zauna ta koya masa! Shi kuwa sai ya ce, "Ni da na wuni a tsaye, in dawo kuma in zauna gadin 'yan tsana?" Haka yake kiransu, 'yan tsanar Malama. Tun tana tayi har ta daina.

Shekara biyu bayan ya yi ritaya, wata safiya tana shanya a tsakar gida, sai ya ji faɗuwar bokiti. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama, ta haɗa da magana. Da suka isa asibiti ya karɓe gadon daga hannun ma'aikacin da ke bakin aiki, babu wanda ya hana shi. Ya tura ta a barandar da ya sani kamar tafin hannunsa, yana kallon fuskarta a juye, ya buɗe baki zai ce saura kwana biyu mu kai, maganar ta ƙi fita.

Ta rayu, aka sallame su bayan mako uku. Ƙafar ta ɗan dawo, tana iya takawa zuwa banɗaki in an riƙe ta. Hannun dama kuwa yana kwance a cinyarta, yatsu a lanƙwashe, baki kuma shiru. Likitar gashin ƙashi da ke zuwa gida sau biyu a mako ta ja Gafara gefe a wata na huɗu ta gaya masa gaskiya. Ta ce hannun nan da sauran rai a cikinsa, in ta matsa tana jin yana amsawa, amma mai hannun ta ƙi. An ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa, ta bar shi ya gangara ƙasa. An kawo wake a faranti ta riƙa tsinta, ta kawar da kai. "Baba, in aka ƙara wata biyu a haka, yatsun za su sandare, ni kuma ba ni da abin da zan iya yi. Ba hannun ne ya gaji ba, ita ce."

Ya riga ya sani. Ya ga irin fuskar nan a kan gado ba sau ɗaya ba, fuskar wanda ya sallama. Malama takan wuni a kujerar da ke gefen gado, fuskarta wajen bango. Ya sa mata ɗankwali a karkace, ba ta gyara ba. Ya karanta mata jarida, ba ta ko juyo ba. Ranar da ya lura ya bar kalanda a kan watan da ya wuce, kwana tara tana kallonta ba ta nuna ba, sai da ya fita tsakar gida ya share hawaye. Tsoro yake ji ƙwarai, ba na mutuwa ba, na zama da ita a ɗaki ɗaya alhali ta tafi.

Auta ce ta ciro akwatin, ba da wata niyya ba. Tana kwashe kayan saman kabad don a sami wurin ajiye magunguna, ta sauko da shi, 'ya'yan wasan suka yi ƙara a cikin jaka. Gafara yana tsaye a bayan kujera, wajen kai, inda ya saba tsayawa. Ya ga idon Malama ya bar bango ya bi akwatin, daga kabad har tebur, sannan ya koma. Abin bai fi ƙiftawa biyu ba.

"Kin iya wannan abin?" ya tambayi Auta a waje.

"Ni? Baba ai ka san ni da lissafi. Mama ta gwada ni sau biyu ta ce in je in yi wanke-wanke."

"To wa ya iya?"

"Sai dai Anti Mai Kemis. Ai ɗalibarta ce, har kofi ta ciyo wa makaranta."

Kemis ɗin yana bakin titi, tsakanin mai faci da shagon tela, wuri ne ɗan ƙarami mai ƙamshin man zafi, da fanka ɗaya da ke juyawa tana ƙara. Mai shi mace ce mai kimanin shekara arba'in, mai fara'a da saurin magana, a wajenta suke sayen maganin hawan jini. Da ta ga Baba Gafara ya shigo da akwatin a hammata ya ɗora a kan kantar sayar da magani, sai ta dafe ƙirji.

"Baba, allon Malama ne wannan! Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Koyo na zo."

"Kai ɗin? Kai da kake ce musu 'yan tsana? Har a aji ta taɓa ba mu labari."

"To yau gadin nasu na zo nema. Ki koya mini duka, nan da Juma'a."

Ta yi dariya har da riƙe kantar. Da ta ga bai yi ba, ta nutsu, ya gaya mata abin da likita ta ce da abin da ya gani a idon Malama. Ta zazzage jakar, ta tsinci guda ɗaya ta ajiye a kusurwar allon. Gajere ne, mai kauri, kansa da 'yan haƙora kamar saman ginin zamanin da.

"Duka ba zai yiwu nan da Juma'a ba, Baba. Kuma ko zai yiwu ba zan yi ba. Malama ba ta taɓa fara mana da duka ba. Wannan take ajiyewa, hasumiya, mako guda cur ba ka taɓa komai sai ita. In ka yi ƙorafi ta ƙara maka mako."

"Halinta ne. To yaya take tafiya?"

"Miƙe. Gaba, baya, dama, hagu, gida nawa ka ga dama in hanya a buɗe take. Ba ta karkacewa, ba ta tsallake kowa."

Gafara ya dubi allon, ya dubi matar, fuskarsa ta washe a karo na farko cikin wata huɗu. "Ba ta karkacewa, ba ta tsallake kowa? Yarinya, ai wannan gado ne. Shekara talatin da uku ina wannan wasan ana biyana."

Ya ɗora yatsa biyu a bayan hasumiyar, bai ɗaga ta ba, ya tura ta a hankali ta bi layi har ƙarshen allo, ko kaɗan ba ta taɓa iyakar gidan maƙwabta ba. Mai Kemis ta ce ba ta taɓa ganin sabon shiga mai tsabtar hannu haka ba. Kansa ya ɗan kumbura. Ta ajiye baƙin soja guda, wato ƙaramin ɗan wasan nan mai kai kamar goro, a can wani gefe, ta ce ya je ya same shi. Ya turo hasumiya gida huɗu, ya rage gudu, ya sha kwana a hankali ya nufi dama.

"Tsaya, Baba! Ina za ka?"

"Kwana na sha."

"Ba a shan kwana a tafiya ɗaya. Ka miƙe, ka tsaya, abokin wasanka ya yi nasa, sannan ka juya."

"A tsaya a kwana? Da mutum a kai? Wanda ya ƙago wasan nan ba a taɓa yi masa ɗinki a ciki ba."

"Babu kowa a kai, Baba, katako ne."

Wannan ya ɗauke shi kwana biyu. Yakan zo da hantsi bayan ya yi wa Malama wanka ya ba ta abin kari, lokacin Auta na gida, ya zauna a kan benci a ƙarshen kanta. Mai Kemis na sallamar masu ciwon kai da masu tari, tana leƙowa tana cewa "an sha kwana" ko "yauwa". Tela ya fara shigowa kallo, mai faci ma haka, kowa da shawararsa alhali babu wanda ya san ko sunan abin. Ta sa shi ya ƙirga gidajen da hasumiya za ta iya zuwa daga kusurwa in allo babu kowa, ya samu goma sha huɗu. Ta mayar da ita tsakiya, ya sake ƙirgawa, goma sha huɗu. Ya gwada gefe, haka. Abin ya burge shi matuƙa. Ya ce ashe ita ko a lungu aka ajiye ta ko a tsakar fili, aikinta ɗaya ne, irin ma'aikacin da ake so ke nan.

Kwanar ta gyaru. Matsala ta biyu ce ta ƙi. Duk sanda aka sa baƙin soja a layinsa aka ce ya ci, sai ya turo hasumiya tiryan-tiryan, ya ja birki gida ɗaya kafin ya kai, ya cire hannu.

"Baba, ka ci mana."

"Ai na iso."

"Ba ka iso ba. Gidansa za ka shiga, ka ɗauke shi, ka zauna a wurin. In naka ne fari, shi ne za ka tsaya a bayansa. Wannan na abokin gaba ne."

"To ba sai ya matsa ba?"

"Ba zai matsa ba! In ka tsaya nan ma wani ne zai zo ya cinye ka."

Ya gane, ba wai bai gane ba. In ta tambaye shi da baki, zai faɗa mata daidai. Hannun ne ke da nasa ra'ayin. Sai ya tattara hankalinsa duka, ya cije leɓe, sannan yake iya shiga gidan sojan, kuma ko a nan sai ya ɗauke shi da hannu biyu ya ajiye a gefe a hankali kamar mai sauke majinyaci. Tela ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin an ci mutum da ladabi haka ba.

Ranar Juma'a da la'asar, lokacin da Malama ta saba wasanta, ya jawo ɗan tebur gaban kujerarta ya buɗe allon. Ya sa riga mai guga. Ya jera sojoji baƙi guda biyar, ya ajiye farar hasumiya a kusurwa, ya yi gyaran murya.

"Malama, kin ga, na shiga makaranta. Wannan hasumiya ce. Miƙe take tafiya."

Ya cinye sojojin nan biyar ɗaya bayan ɗaya, babu kuskure ko ɗaya, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya ɗago. Fuskarta na wajen bango. Asabar ya sake, da sojoji takwas. Lahadi ya gaya mata zancen goma sha huɗu, yana jiran ko gira ta ɗaga. Ko motsi. Ya naɗe allon a ranar yana jin kunyar kansa, tsoho da shi ya je ya zauna a kemis ana yi masa dariya a banza.

Litinin bai sa riga mai guga ba, bai kuma yi jawabi ba. Ya buɗe allon ne kawai don ya rasa abin yi da hannunsa, ya zauna gefenta yana turawa, hankalinsa na can kan maganar likita da watanni biyun da ake ta cinyewa. Hasumiya ta bi layi, ta tarar da baƙin soja, ta tsaya gida ɗaya kafin ta kai. Bai ma san ya yi ba. Ya cire hannu, ya ce a hankali, "Gafara dai," ya zauna yana jira.

"A'a."

Muryar ta fito a shaƙe, a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Gafara ya daskare. Ya juyo a hankali. Ba bango take kallo ba, allon take kallo, girarta ta hagu a sama, da wannan fuskar da ya sani tun ranar baranda.

"Me kika ce, Malama?"

Ba ta maimaita ba. Ta ci gaba da kallon gidan da ya bari a tsakani, har sai da ya tura hasumiyar ta shiga, ya ɗauke sojan. Sannan ta mayar da kanta wajen bango.

Da sassarfa ya isa kemis, mutumin da ba a taɓa gani yana sauri ba. Mai Kemis ta saurara, idonta ya kawo ruwa, sannan ta buga kantar da tafin hannu. "Ni ce sakarya, Baba! Ai Malama ba ta taɓa tsayawa a kan wanda ya yi daidai ba. In ka yi daidai wucewa take yi kamar ba ta gan ka ba. Mai kuskure ne ke samunta."

To nan fa dabara ta zo wa Gafara, kuma dabarar mutumin da bai saba dabara ba ce. Washegari ya buɗe allo, ya ɗauki hasumiya ya tafi da ita a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, yana satar kallonta. Shiru. Ya sa ta tsallake sojoji biyu kamar akuya. Ya ce da ƙarfi, "Ko haka ne, oho, na manta." Malama ta juyo, amma ba allon ta kalla ba, shi ta kalla. Shekara talatin tana gaban aji, ta san kuskuren gaskiya, ta san na yarinyar da ke so a kula ta. Kallon bai daɗe ba. Ta kawar da kai, kuma a wannan karon har da juya kafaɗa.

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zauna yana juya hasumiyar a tafin hannunsa. Can ya matso da kujerarsa, ba ta bayanta ba inda ya saba tsayawa, ta gabanta, inda za ta ga fuskarsa daidai.

"Ki yi haƙuri, Malama. Wannan ƙarya na yi, kin kuma kama ni. Na san ba ta karkacewa, na san ba ta tsallake. Amma na jiya ba ƙarya ba ne, wallahi. Kaina ya sani, hannun ne ba ya yarda. Shekara talatin da uku ina hana shi buge mutum, yanzu an ce ya buge. Yarinyar nan ta yi iya yinta, har tela ya sa baki." Ya ajiye hasumiyar a kusurwa, ya sa baƙin soja gida uku a gabanta. "Sau nawa kika ce in zauna ki koya mini, na ƙi. Ga ni na zauna. Na makara, na sani. Ki nuna mini yadda ake yi."

Ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan hannun hagu ya taso daga kan kujera, ya nufi allon, ya tsaya a sama. Malama ba ta taɓa riƙe alli da hagu ba, ba ta taɓa motsa ɗan wasa da hagu ba, kuma ya ga yadda abin ya yi mata banbaraƙwai. Ta mayar da hannun. Ta sunkuyar da kai ta dubi na daman da ke kwance a cinyarta, ta daɗe tana dubansa, sannan ta dubi mijinta.

Wannan kam aikinsa ne, babu wanda ya fi shi iyawa. Ya zura faffaɗan tafinsa a ƙarƙashin gwiwar hannunta, ɗayan a ƙarƙashin wuyan hannun, ya ɗaga a hankali ba tare da ya ja ba, ya kai shi bakin allo ya ajiye bayan yatsunta a jikin hasumiyar. Ɗaukar nauyin kawai ya yi. Turawar ya bar mata.

Da farko babu abin da ya faru. Ya ji tsokar hannun tana rawa a tafinsa, ya ga jijiyar wuyanta ta tashi. Sai hasumiyar ta gusa, kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Ta sake gusawa. Ta shiga gida na farko a ɗan karkace, Malama ta ja tsaki, tsaki sosai, ya gyara mata da ɗan yatsa. Gida na biyu ya ci kusan minti guda, gumi na gangarowa ta gefen kunnenta.

"Saura ɗaya mu kai," in ji shi.

Da suka iso gaban sojan, hannunsa ya so ya ja birki, ya ji shi sarai yana ƙoƙarin tsayawa. Nata bai tsaya ba. Ta tattara abin da ya rage mata ta tura, hasumiya ta buge sojan, ya faɗi, ya gangara daga kan tebur ya shige ƙarƙashin gado. Karo na farko ke nan a rayuwar Gafara da aka buge wani da hannunsa a ciki, kuma dariya ya yi, irin dariyar da ke zuwa da hawaye, har Auta ta shigo a guje da ludayi a hannu tana tambayar abin da ya fashe.

Ba a ce komai ya dawo ba. Likitar gashin ƙashi ta zo ranar Alhamis, ta ga allon, ta ji labari, ta mayar da ƙwallon robarta cikin jaka ta ce a ci gaba da wannan, kullum, sau biyu in an samu. Ta ce yatsun ba lallai su koma kamar da ba, maganar ma sai a hankali, kalma ɗaya yau, wata bayan mako. Gafara ya ce shi jira ba baƙonsa ba ne.

Safiyar Asabar ya shigo da shayi ya tarar ta juya kujerarta da kanta, bayanta ga bango, fuskarta ga tebur. Ya buɗe allon, ya zazzage jakar. Yana jin kansa ya zama gwani, ya tsinci wani mai kan doki ya ɗaga.

"Malama, hasumiyar nan ai na gama da ita. Yau sai mu shiga wannan, ko?"

Ta dube shi ta saman gilashi. Ta dubi kalanda, wadda ya riga ya gyara, ta ɗaga yatsan hagu ta nuna masa mako mai zuwa a jikinta, alamar ta ƙara masa mako guda a kan hasumiya.

"A'a," ta ce.

Ya mayar da dokin cikin jaka, ya ajiye hasumiya a kusurwa, ya miƙa tafinsa ƙarƙashin hannunta.